Bulala da Matsayin Ɗan Mulkin Mallaka a Lokacin Yaƙi, 1893 zuwa 1946

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Turawan mulkin mallaka suka yi amfani da bulala a kan sojojin Afirka da 'yan dako da talakawan gari, musamman a lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Ta ɗauko misalanta daga Nijeriya da Kamaru da Nijar da Gabashin Afirka. Abin da take son tabbatarwa shi ne, launin fatar mutum da matsayinsa a idon hukuma su ne suka yanke wanda za a kwantar a zane, girman laifi kuwa a baya ya biyo. Yaƙi ya tarar da wannan hali ne a ƙasa, ya sakar masa linzami. Maƙalar ta auna hujjoji uku da masu kare bulala suka riƙa kawowa, ta nuna dalilin da ya sa aka soke ta a 1946, sannan ta yi nuni da abin da ya rage na wannan gado a barikokinmu da titunanmu.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1881 majalisar dokokin Birtaniya ta soke yi wa sojan Ingila bulala. An daɗe ana kokawa a kan al'amarin, har aka kai ga matsaya cewa tuɓe namiji a gaban 'yan'uwansa a tsattsaga masa baya ƙasƙanci ne da bai dace da mai ɗaukar bindigar sarauniya ba. Sojan Indiya ya jira har 1920 kafin wannan rangwame ya iso gare shi. Sojan Afirka kuwa sai a 1946 aka cire bulala daga dokokin rundunoninsa baki ɗaya, wato shekara 65 bayan takwaransa Bature, kuma bayan ya yi wa Birtaniya yaƙin duniya sau biyu.

Waɗannan shekaru uku, 1881 da 1920 da 1946, sun isa su sa mai nazari ya tsaya. Tuta ɗaya ce, sarauta ɗaya, hafsoshin ma sau da yawa su ne dai ake juyawa daga wannan runduna zuwa waccan. Laifuffukan soja kuma ba su da bambanci: barci a bakin gadi, ƙin bin umarni, sata, maye, gudu daga fagen fama. Me ya sa laifi ɗaya ya zama na tsarewa ga wani, na zubar da jini ga wani?

Masana irin su David Killingray, wanda ya bi muhawarar da aka yi a kan bulala a rundunonin Afirka daga 1888 zuwa 1946, da Steven Pierce, wanda ya yi nazarin rigingimun bulala a Arewacin Nijeriya, sun share fagen wannan tambaya. Maƙalar nan ta ɗora ne a kan wani ɓangare guda: abin da yaƙi ya yi wa iyakar da ke tsakanin soja da farar hula, da yadda bulala ta riƙa tsallake wannan iyaka ba tare da wani ya tare ta ba.

2.0 Bulala a Bariki

Tarihin sojan mulkin mallaka a Nijeriya ya faro ne da 'yar rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ko baƙi da ba su da dangi a kusa. A 1897 aka ɗora wa Frederick Lugard aikin haɗa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, kuma Hausa ta zama harshen fareti da ba da oda a ɓangarenta na Nijeriya, ko ga wanda ba Bahaushe ba. Turawan da ke jagorantar waɗannan dakaru 'yan ƙalilan ne a tsakiyar ɗaruruwan baƙaƙe masu bindiga, kuma mafi yawansu jin Hausarsu bai wuce na umarni ba. Inda magana ta gaza, sai aka jingina da duka.

Yadda ake zartar da hukuncin yana da muhimmanci ga fahimtar manufarsa. Ba a lungu ake yi ba. Ana busa bigila ne a tara kamfani gaba ɗaya a filin fareti, a fito da mai laifi daga gadurum, a tuɓe shi, a kwantar da shi rub-da-ciki ko a ɗaure shi. Likita ko mai tsaya masa ya duba ya ce zai iya ɗauka. Wanda ke riƙe da bulalar galibi baƙar fata ne ɗan'uwansa, saje ko kofur, wani kuma yana ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Dorina, wadda ake yankowa daga busasshiyar fatar dabbar da ta ba ta suna, tana da kaifin gefe, kafin a yi nisa da ƙirga fata ta fashe. In an gama, hafsa ya rubuta suna da lamba da laifi da yawan bulala a littafin hukunci. Adadin da dokokin Birtaniya suka fi tsayawa a kai a matsayin iyaka shi ne 24.

Duk wanda ya dubi wannan tsari zai ga cewa 'yan kallo aka fi nufi da shi. Kurtun da ke tsaye a sahu yana koyon abu biyu a lokaci guda: cewa haka za a yi masa in ya kauce, kuma cewa Baturen da ke tsaye a gefe, komai ƙanƙantar muƙaminsa, komai munin laifinsa, ba za a taɓa kwantar da shi a wannan fili ba. Ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan ya sha ƙoƙarin rage abin, ya taƙaita laifuffukan da ake dukan soja a kansu, ya nemi a riƙa aiko masa da lissafi. Amma kusan kowace doka ta bar ƙofa guda a buɗe, wato lokacin da runduna take bakin daga.

3.0 Darasin Duwala

Jamusawa sun ba da misalin da ya fi kowanne fitowa fili. A 1891 wani hafsansu mai suna Gravenreuth ya sayo mutane maza da mata daga Sarkin Dahomey, Behanzin, aka kawo su Kamaru aka mai da mazan 'yan sandan yaƙi. Ba a biyan su albashi, wai aikinsu shi ne fansar kansu. A watan Disamba na 1893 muƙaddashin gwamna, Heinrich Leist, ya sa aka tuɓe matansu aka yi musu bulala a gaban mazajensu saboda sun ƙi wani aiki da aka sa su. A daren nan sojojin suka fasa ma'ajiyar makamai suka yi bore a Duwala, suka kori Jamusawa daga gidan gwamnati na kwanaki, sai da aka nemi agajin jirgin ruwan yaƙi. An rataye da yawa daga cikin waɗanda aka kama. Leist kuwa iyakar abin da ya same shi shi ne kora daga aiki.

Labarin ya girgiza Jamus, har ɗan majalisa August Bebel ya kai bulalun dorina zauren majalisa a 1894 don wakilai su gani da idonsu. Amma abin da rigimar ta haifa shi ne dokar 1896, wadda ta tsara bulala maimakon ta hana ta: kada a wuce 25 a zama ɗaya, in hukuncin ya fi haka a raba shi biyu a ba da tazara, kada a doki mata, kada a doki Larabawa da Indiyawa. Wannan togaciya ta ƙarshe ta tona asirin dokar, domin ta nuna ƙarara cewa asalin mutum ake dubawa kafin a dubi abin da ya aikata. Bulala 25 ta zama ruwan dare har aka riƙa yi wa Kamaru laƙabi da ƙasar ashirin da biyar.

Abin lura a nan shi ne, likita da littafin lissafi da ƙayyadadden adadi ba su rage wa bulala ƙarfi ba. Sun ba ta rigar hukuma ne. Duka da a da za a iya cewa zaluncin wani mugun Bature ne, yanzu ya zama aikin ofis mai lamba da sa hannu.

4.0 Yaƙin 1914 zuwa 1918: Ɗan Dako da Talaka

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofar gabas. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙin Kamaru daga 1914, Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, Jamusawan da suka maƙale a dutsen Mora suka miƙa wuya a watan Fabrairu na 1916. Daga nan aka kwashi birged guda zuwa Gabashin Afirka don farautar dakarun kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck. Nijeriya ta ba da sojoji kimanin 17,000 da 'yan dako sama da 30,000.

Ɗan dako shi ne mutumin da wannan maƙala ta fi damuwa da shi, domin a kansa ne iyakar soja da farar hula ta goge. Manomi ne da hakimi ko dagaci ya ware don cika adadin da Di'o ya nema. Bai riƙe bindiga ba, ba shi da darajar soja ko haƙƙoƙinsa, amma dokar soja ta hau kansa. A dazuzzukan da ƙudan tsando ya hana doki da alfadari rayuwa, kuma babu hanyar mota, kansa ne ke ɗaukar harsashi da shinkafa da tanti da akwatin hafsa. A Gabashin Afirka Birtaniya ta yi amfani da 'yan dako kusan miliyan ɗaya, kuma lissafinta na hukuma ya nuna kimanin 95,000 sun mutu, akasari saboda zazzaɓi da atuni da yunwa da gajiya.

A daminar farkon 1917 sojojin Nijeriya sun maƙale a yankin kogin Rufiji, ruwa ya yanke hanyoyin kawo abinci, yunwa ta kai wasu ga cin saiwoyin daji masu guba har suka mutu. A irin wannan yanayi ne ya kamata a karanta laifuffukan da ake dukan ɗan dako a kansu: ya yar da kaya, ya taɓa buhun da yake ɗauke da shi, ya ja baya a tafiya, ya sulale da dare. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan yunwa ne, yunwar kuwa hukumar yaƙin ce ta jawo ta da rashin tanadi. Bulala ta zama hanyar da ake ɗora wa mafi rauni kuɗin sakacin mafi ƙarfi.

A gida ma talaka bai tsira ba. Tun a 1912 an yi wa wasu akawuna biyu bulala a Zariya saboda ba su zube sun gai da Razdan ba, jaridun Legas da mujallar Dusé Mohamed Ali ta Landan suka yayata abin. A ƙarshen 1918 kuma jaridar African Telegraph, ta John Eldred Taylor mutumin Saliyo, ta buga labarin wasu mata biyu da aka yi wa bulala a kasuwar Bauci a 1914, ta ɗora alhakin a kan wani Baturen mulki, Kyaftin Fitzpatrick. Shi kuwa ya kai ƙara a Landan a 1919 cewa an ɓata masa suna, ya yi nasara, jaridar ta durƙushe. Gardamar da aka yi a kotu ta karkata ne ga wanda ya ba da umarni, Bature ko alƙali. A nan amfanin mulki ta hannun sarakuna ya bayyana: hannun da ke duka na En'e ne, don haka Bature yana iya cewa shi ɗan kallo ne kawai.

A ɓangaren Faransa, dokar 'yan ƙasa da ake kira indijena ta ba kumandan ikon ɗaure mutum har kwana 15 ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. Rubutun dokar bai ambaci bulala ba, amma gardi bai rabu da ita ba, wajen karɓar haraji, da tara mutanen aikin dole, da kamun samari zuwa soja. Mutanen Birnin Ƙwanni sun riga sun ga irin wannan ƙarfi tun a 1899 a hannun ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine, waɗanda a ƙarshe sojojinsu ne suka harbe su. Bayan tawayen Kawsan a Agadas, a 1917, Faransawa sun karkashe mutanen gari, har da malamai. Rashin bulala a takarda bai zama kariya ga kowa ba inda babu wanda zai tuhumi mai riƙe da ita.

5.0 Laifi Tudu Ne

A 1918 gwamnatin Birtaniya ta buga wani rahoto a kan yadda Jamusawa suka riƙe mutanen Kudu Maso Yammacin Afirka, wato Namibiya ta yau, ɗauke da shaidar waɗanda abin ya shafa da hotunan bayan mutane da bulala ta yi wa kaca-kaca. Abin da rahoton ya ƙunsa ba ƙage ba ne. Amma an buga shi ne don a kafa hujjar cewa Jamus ba ta cancanci riƙe ƙasashen mulkin mallaka ba, kuma sashe na 119 na yarjejeniyar Versailles ta 1919 ya ƙwace su duka. Da buƙata ta biya, a 1926 hukumomin yankin suka ba da umarnin a tattara kofe-kofen rahoton a lalata, don a sasanta tsakanin fararen fata.

A cikin shekarar da ake rattaba hannu a Versailles, sojojin Janar Dyer na Birtaniya suka buɗe wuta a kan taron jama'a a Amritsar ta Indiya ranar 13 ga Afrilu, lissafin hukuma ya ce mutum 379 suka mutu. A kwanakin dokar soja da suka biyo baya an kafa turken bulala a titi, an tilasta wa masu wucewa ta wani lungu su yi jan ciki, an doki samari kafin a yi musu shari'a. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ƙasar da ta ƙwace wa Jamus mulki saboda dorina ta ci gaba da riƙe tata har shekara 27 bayan haka.

6.0 Hujjojin Masu Kare Bulala

Adalci ya wajabta a saurari abin da hafsoshin suka riƙa faɗa, domin ba dukkansu ne mugaye ba, kuma hujjojinsu suna da tsari.

Hujja ta farko ita ce ta larurar yaƙi. A tsakiyar daji babu kurkuku, in ka tsare mutum ka rasa mai ɗaukar kaya, ka kuma rasa mai gadinsa. In ba bulala, sai harbi, kuma a yaƙin farko Birtaniya ta harbe sojojinta fiye da 300 saboda gudu da makamantansa. Don haka, in ji su, bulala jinƙai ce. Raunin wannan hujja shi ne, larurar ba ta san launi ba. Sojan Ingila ma yana bakin daga inda babu kurkuku, amma an samar masa wata hanya, wato ɗaure shi a jikin turke ko ƙafar igwa na awa biyu a yini, wadda ita ma aka soke ta a 1923 saboda an ga ƙasƙancinta. Da larura ce ke hukunci, da ta hau kan kowa.

Hujja ta biyu ita ce wai baƙar fata bai ɗauki kurkuku bakin komai ba, wurin hutu ne da cin abincin banza, jikinsa kawai ke gaya masa. Sun ɗauki karin maganar jiki magayi suka mai da ita ƙa'idar mulkin al'umma guda. Boren Duwala ya isa amsa. Mutanen da suka jure shekara biyu ba albashi, ranar da aka tozarta matansu ne suka ɗauki makami, sun kuma san abin da zai biyo baya. Wanda bai san mutunci ba ba ya sayar da ransa saboda shi. Yawan gudun 'yan dako duk da bulala shi ma shaida ne cewa ko a ma'aunin hafsoshin kansu maganin bai yi aiki ba.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: wai al'adarsu ce, mun tarar suna yi. Gaskiya ne bulala ba Bature ya kawo ta ƙasar Hausa ba. Akwai haddi a shari'a, akwai tsumagiyar makarantar allo, akwai sharon Fulani, akwai kuma zaluncin fada da na masu bayi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a Kitabul Farƙ, ya lissafa tilasta wa mutane fita yaƙi da cin tarar wanda ya ƙi a cikin munanan halayen sarakunan zamaninsa. Sai dai haddi yana da sharuɗɗa: laifi ne sananne, da shaidu ko iƙirari, a gaban alƙali. Mai dukan ba ya ɗaga hannu har a ga hammatarsa, shi ya sa a wasu kotuna ake sa masa wani abu ya matse a ƙarƙashinta, kuma ba a nufin fasa fata. Mafi girma duka, a ƙa'ida haddi yana hawa kan ɗan sarki kamar yadda yake hawa kan ɗan talaka, ko da a aikace an sha karkatar da shi. Bulalar mulkin mallaka kuwa tun a rubuce ta keɓe jinsi guda. Turawan da suka hana yanke hannu da sunan wayewa su ne suka zaɓi su bar duka, saboda shi ne ɓangaren al'adar da ke musu amfani. Garambawul ɗin da Gwamna Donald Cameron ya yi wa kotunan Nijeriya a 1933 ya ƙara taƙaita shi, wanda ya nuna cewa tun farko ikon hanawa yana hannunsu.

7.0 Yaƙin Hitila da Ƙarshen Bulalar Hukuma

Yaƙi na biyu ya maimaita darasin na farko a kan farar hula. Da Japan ta kama Malaya da Singafo a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi manoma kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza ta tilas, abin da talakawa suka kira diban gwamna. Birtaniya ta riga ta amince da yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, amma yarjejeniyar ta toge lokacin yaƙi. An kai mutanen ƙasa mai zafi cikin sanyin Filato ba isasshen mayafi, ba isasshen abinci, ba matsuguni na kirki, cututtuka suka kashe da yawa, wasu suka gudu. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan al'amari. A nan ma matsin ya gangaro ne daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, ya ƙare a hannun dogari da ɗan doka da helman, inda babu likita, babu littafin lissafi.

A ɓangaren soja kuwa yaƙin ya zo da abin da hafsoshi ba su shirya masa ba. Nijeriya kaɗai ta ba da sojoji sama da 100,000. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙin Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kafaɗa da kafaɗa da Indiyawa da Gurka da Turawa. Sojojin wannan karon sun haɗa da direbobi da makanikai da akawuna da ma'aikatan asibiti, masu karatu da rubuta wasiƙa. Sun ga cewa a rundunonin da ke kewaye da su babu wanda doka ta yarda a kwantar. A gida jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe tana tambayar ko alkawarin 'yanci da ke cikin Yarjejeniyar Atilantika ta 1941 ya haɗa da Afirka. A Landan 'yan majalisa na jam'iyyar Leba suna ta yi wa ministoci tambayoyi. Gwamnatin da ke yaƙar Hitila saboda aƙidar fifikon jinsi ta rasa bakin kare hukuncin da aka gina a kan jinsi.

Haka aka kai ga 1946. A wannan shekara ce kuma Faransa ta soke dokar indijena, ta kuma haramta aikin tilas da dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar. Babu wani sabon ilimi da aka gano a kan zafin duka tsakanin 1881 da 1946. Abin da ya sauya shi ne wanda ake duka ya sami murya, da masu sauraronta, kuma farashin siyasar riƙe bulala ya zarce amfaninta. Ko bayan haka, da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci sai tsohon hali ya dawo: a sansanin Hola na Kenya, a watan Maris na 1959, masu gadi sun kashe fursunoni 11 da duka. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a, a matsayin diyya ga 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau.

8.0 Kammalawa

Maƙalar nan ta nuna cewa bulalar mulkin mallaka ta raba mutane gida biyu, waɗanda jikinsu ke da alfarma da waɗanda nasu ba shi da ita, kuma yaƙi shi ne lokacin da ake faɗaɗa gida na biyu har ya haɗiye manomi da ɗan dako da mai haƙar kuza. Ta nuna cewa tsara duka da doka ba ya kusantar da shi ga ƙarewa, kuma cewa an soke shi ne sa'ad da waɗanda ake duka suka iya sa hukuma ta ji kunya.

Bature ya tafi, amma rabon bai tafi da shi ba, kaki ne kawai ya maye gurbin farar fata. A 1973 an aske kan ɗan jarida Minere Amakiri an yi masa bulala 24 a Fatakwal saboda wani labari da ya rubuta, adadin nan dai na littafin hukuncin bariki, sai da kotu ta bi masa haƙƙinsa. A 1984 an ga sojoji da dorina a tashoshin mota da sunan yaƙi da rashin ɗa'a. Har yau, a wuraren da ake fama da tashin hankali, tsallen kwaɗo da birgima a kwata a bakin shingen bincike ba baƙon abu ba ne, kuma hujjar ita ce dai ta da: ana cikin yaƙi, mutanenmu sai da duka. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba uzuri ba ne. Ya rage ga makarantun horar da soja da 'yan sanda su koyar da wannan tarihi ga kurata, ga kotuna su hukunta wanda ya ɗaga bulala a kan farar hula, ga masu nazari kuma su tattara abin da iyalan mazan jiya da na mutanen diban gwamna suka riƙe na labari tun masu riƙon suna raye.